Zuriyar Baƙi da Ayyukansu a Tarihin Ƙasar Hausa da Nijar, tare da Kwatanci da Romaniyawan Faransa

1. Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai al'adar jera sunayen mashahuran mutane waɗanda asalinsu baƙi ne, a nuna abin da zuriyar wata ƙasa suka aikata a ƙasar da ta karɓe su: wannan ya yi fice a kimiyya, wancan a adabi, wani kuma a wasanni. Romaniyawa suna cikin al'ummun da aka fi yi wa irin wannan lissafi, kuma duk wanda ya karanta adabin Faransanci a jami'a ya ci karo da sunayen Ionesco da Cioran da Tzara. Tambayar da ta haifar da wannan maƙala ita ce: me ya sa ba mu da irin wannan lissafi a tarihin ƙasar Hausa da na Nijar, alhali garuruwanmu sun fi ƙarni shida suna karɓar baƙi?

Za mu bi sawun wasu daga cikin waɗannan baƙi da zuriyarsu a fannin malanta da fatauci da sarauta da aikin gwamnati, sannan mu juya ga mutanenmu da suka yi suna a ƙasashen wasu. Daga nan za mu kwatanta da Romaniyawan Faransa domin bambancin ya fito fili. Batun yana da nauyi a wurinmu, domin a cikin shekaru ashirin kacal, daga 1963 zuwa 1983, Nijar da Gana da Najeriya kowace ta kori baƙi daga cikinta, kuma mutanenmu sun kasance masu kora a wani lokaci, korarru a wani.

2. Wane ne baƙo?

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Ma'anar karin maganar a sarari take: raɓa takan kwana ta bushe da hantsi, kaba kuwa tana nan rani da damina. Sai dai taswirar birane tana ba da wata shaida dabam. A cikin birnin Kano akwai unguwar Agadasawa da Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Ayagi ta Yarabawa, akwai kuma Dandalin Turawa, inda kalmar "Turawa" take nufin Larabawan arewacin Afirka tun kafin zuwan Nasara. A Damagaram akwai Birni akwai Zango. A nan Yamai akwai Zongo, akwai kuma Maourey wadda ta ɗauki sunan Mawri, wato Arawa. Kowane suna daga cikin waɗannan shaida ce ta wata raɓa da ta ƙi bushewa.

Hanyoyin da baƙo ke bi ya zama ɗan gari sanannu ne. Da farko yakan sauka a zango, a hannun fatoma ko maigida, wanda ke ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya kuma tsaya masa idan bashi ya shiga. Idan malami ne, makaranta da masallaci su ne ƙofarsa. Bayan haka sai aure. A ƙarshe sarki yakan naɗa wa jama'ar baƙin shugaba, kamar Sarkin Zango ko Sarkin Sharifai, su shiga cikin tsarin fada. Bayan ɗa da jika, harshen gida ya koma Hausa, abin da ya rage na asali shi ne sunan unguwa da tsagar fuska da kirari da wasan barkwanci tsakanin dangogi. Saboda haka idan muka ce "zuriyar baƙi" a wannan maƙala, muna nufin waɗanda su kansu ko kakanninsu suka zo daga wata ƙasa, ko da yake jikokinsu a yau ba za su amsa sunan baƙi ba.

3. Malamai da marubuta

Littafin Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite, kuma su suka tsayar da salla da limanci a fada. Wani rubutu na Larabci kan asalin Wangarawa, wanda aka rubuta a 1650 ko 1651, ya sa zuwan wannan malami a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499). Masana sun yi ta muhawara kan wannan saɓani na kusan shekara ɗari, amma rubuce-rubucen biyu sun haɗu a kan cewa tushen malantar Kano yana da hannun mutanen Mali, kuma unguwar Madabo ta riƙe wannan gado.

A zamanin Rumfa ne kuma Muhammad bin Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan, ya iso Kano wajen 1492 bayan ya bi ta ƙasar Abzin. Ya rubuta wa sarki risala kan wajibai na masu mulki, sannan ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu. Shi kansa bai zauna ba, amma Sharifan Kano suna danganta kansu da ɗansa, kuma sarautar Sidi Fari ta samo asali daga nan. A Katsina kuwa, Wali Ɗan Masani (1595–1667), wanda unguwar Masanawa ta ɗauki sunansa, asalin gidansu Borno ne, kamar yadda laƙabinsa na al-Barnawi ya nuna.

Babban misali shi ne gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Toronkawa sun taso daga Futa Toro a ƙasar Senegal ta yau, kakansu Musa Jakollo ya zauna a ƙasar Ƙwanni, kuma an haifi Shehu a Maratta a 1754, a cikin iyakar Nijar ta yanzu. Ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya bi har Agadas. Ɗiyarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kafa tsarin ƴan taru inda jajis ke kai karatu ga matan ƙauyuka. Abin lura a nan shi ne cewa waƙar Hausa ta ajami ta bunƙasa ne a hannun gidan da harshensa na farko Fillanci ne.

Haka abin ya ci gaba har zamanin boko. Abubakar Imam (1911–1981), marubucin Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, kuma editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, an haife shi a Kagara, kakanninsa kuwa daga Borno suka fito. Mutumin da ake koyar da ɗalibai salonsa a matsayin ma'aunin daidaitacciyar Hausa jikan Barebari ne, kuma ba mu taɓa ganin wannan ya rage masa daraja a idon kowa ba.

4. Fatake da attajirai

Binciken Paul Lovejoy kan fataucin goro, wanda ya fito a 1980, ya nuna cewa manyan ƙungiyoyi uku ne suka riƙe hanyar Gwanja a ƙarni na 19: Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Na farko da na biyu asalinsu Bugaje ne, wato talakawa da barorin Abzinawa da suka gangaro daga arewa suka zauna a ƙauyukan Kano da Katsina. Na uku kuwa daga Borno suka fito. Dukansu sun bar harsunansu sun ɗauki Hausa, amma sun riƙe asali domin amfaninsa a kasuwa: ɗan Agalawa yakan ba ɗan'uwansa bashi, ya ba shi ɗiya, ya ɗauke shi cikin ayari. Asali a nan jari ne, domin shi ke haifar da amana a hanyar da ayari kan yi watanni yana tafiya.

Daga cikin Agalawa ne Alhasan Ɗantata ya fito. An haife shi a Bebeji a 1877, ya yi fataucin goro tsakanin Kano da ƙasar Gana ta yau. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kasuwar gyaɗa ta buɗe, ya zama babban mai saye wa kamfanonin Turawa. A 1929, da bankin Ingilishi na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin. Ya rasu a 1955. Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957, jikan Sanusi Ɗantata ne ta wajen uwa, kuma shi ya gina matatar man da aka ƙaddamar a Legas a 2023. Idan da za a rubuta tarihin wannan gida da salon Turawa, da sai a ce zuriyar mutanen Abzin ne suka zama attajiran Najeriya. A Kano ba mai faɗin haka, Kanawa ne kawai.

5. Sarauta da gudun hijira

Almarar Bayajida ta sa baƙo daga gabas a tushen sarautun Hausa bakwai. Ba ma ɗaukar ta a matsayin tarihi, amma tana nuna cewa masu sarauta ba su ga abin kunya ba wajen danganta kansu da wanda ya zo daga nesa. Tarihi tabbatacce ma yana da irin wannan. Gidan sarautar Damagaram yana danganta kansa da wani malami da ya zo daga wajen Borno a ƙarni na 18. Zuriyarsa suka mai da Zindar babban birni, kuma a zamanin Tanimu (1851–1884) aka ƙarfafa ganuwa, aka ƙera igwa, fatake daga Tarabulus da Gadamus suka cika Zango. André Salifou ya yi cikakken nazarin wannan daula a littafinsa na 1971.

Maraɗi kuma gari ne na ƴan gudun hijira. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819, kuma har yau sarkin garin Sarkin Katsina ake ce masa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri a kusa. Birnin da ake kira cibiyar kasuwancin Nijar a yau ya girma ne a hannun mutanen da aka kora daga gidajensu.

6. Zamanin Faransawa da bayan ƴancin kai

Mulkin mallaka ya kawo sabon nau'in baƙo. Da aka mai da babban birni daga Zindar zuwa Yamai a 1926, ƴan lakwal kaɗan ne a cikin ƙasar, saboda haka Faransawa suka cika ofisoshi da asibitoci da gidan waya da makarantu da ma'aikata daga Dahome da Togo da Senegal da Sudan ta Faransa. Waɗannan baƙi ba ta zango suka shigo ba, ta ƙofar kumandan suka shigo. Ba su bukaci fatoma ba, da yawansu Kirista ne, kuma harshen aikinsu Faransanci ne. Tsohuwar hanyar da ke narkar da baƙo cikin gari ba ta kama su sosai ba.

Duk da haka wasu sun kafu har sun hau manyan muƙamai. Léopold Kaziendé, wanda aka haifa a Kaya a ƙasar Mosi, ya zo a matsayin malamin makaranta, ya zama minista a gwamnatin Diori Hamani, ya riƙe ma'aikatar ayyuka sannan ta tsaro. Georges Condat, haifaffen Maraɗi a 1924, uba Bafaranshe uwa ƴar ƙasa, ya wakilci Nijar a majalisar dokokin Faransa, ya kuma shugabanci majalisar ƙasa ta lokacin mulkin mallaka a 1957. Jean Rouch ya zo a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, ya koma nazarin al'adu da ɗaukar fim, ya rasu a haɗarin mota kusa da Ƙwanni a 2004, kuma a Yamai aka binne shi.

A watan Disamba na 1963, bayan faɗuwar gwamnatin Hubert Maga a Dahome da tashin rikici kan tsibirin Lete da ke cikin kogin Kwara, gwamnatin Nijar ta kori dubban ƴan Dahome, cikinsu har da ma'aikatan da suka shekara da shekaru suna aiki a nan da ƴaƴansu da aka haifa a Yamai. Dalilin da ke ƙasa shi ne gasar guraben aiki tsakanin sababbin ƴan boko na gida da baƙin da suka tarar a kan kujeru. Rikicin tsibirin bai ƙare ba sai a 2005, da kotun duniya ta Lahai ta ba Nijar shi. Abin da 1963 ta nuna shi ne cewa ma'anar baƙo ta sauya. A da ana auna shi da unguwa da aure da tsawon zama, yanzu kuwa da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa.

7. Namu a ƙasashen wasu

Kowa ya bar gida gida ya bar shi, in ji Hausawa, amma tarihin ilimi ya ci ribar waɗanda suka bar gida. Muhammadu al-Kashinawi ya rubuta littafi kan hatimai na lissafi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Dorugu, yaro daga Dambanas kusa da Kance a ƙasar Damagaram, an kama shi bawa, Adolf Overweg ya ƴanta shi, ya bi Heinrich Barth har Tumbutu, sannan ya tafi Ingila a 1855. Daga bakinsa James Schön ya ɗauki labarai da tatsuniyoyin da suka zama babban ɓangare na Magana Hausa (1885), suka kuma taimaka wa nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876. Dorugu ya rasu a Kano a 1912. Sunan Schön ne a bangon littattafan, kalmomin kuwa na ɗan Damagaram ne.

Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga sannan a Kete-Krachi, inda ya zama limami har rasuwarsa a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, ya kuma rubuta wa Bajamushe Adam Mischlich bayanai masu yawa kan tarihi da sana'o'in Hausawa. A gabas, bayan yaƙin Burmi na 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci masu hijira zuwa bakin Shuɗin Nilu a Sudan, inda garin da suka kafa yake ɗauke da sunansa, kuma mutanen yamma suka zama ƙashin bayan aikin auduga na Jazira.

A zamaninmu, Oumarou Ganda (1935–1981) ya yi soja a Indocin, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, inda Rouch ya same shi ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Ya dawo gida ya zama mai shirya fim, kuma Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1972. Abdou Moumouni (1929–1991), ɗan Tasawa, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya yi shekaru yana jagorantar binciken makamashin rana a Bamako kafin ya dawo Yamai a 1969.

Su ma waɗannan zangogi sun sha kora. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, kuma ƴan Nijar da Hausawan zango suna cikin waɗanda abin ya shafa. A Janairu 1983 gwamnatin Shagari a Najeriya ta yi irin wannan.

8. Romaniyawan Faransa

Tun ƙarni na 19 masu ilimin Romaniya suka ɗauki Faransanci harshen wayewa, domin harshensu da Faransanci duk daga Latin suka fito, kuma ƴaƴan manya a Faris suke karatu. Talauci da ƙyamar Yahudawa da yaƙe-yaƙe biyu da mulkin kwaminisanci, wanda ya kafu bayan yaƙin duniya na biyu ya faɗi a 1989, su suka riƙa tura mutane waje kashi-kashi.

Constantin Brancusi (1876–1957), ɗan manoma, ya isa Faris a 1904 ya sauya fasalin sassaƙa ta zamani. Da aka kai wani aikinsa na tagulla mai siffar tsuntsu Amurka, ƴan kwastan suka sa masa haraji a matsayin kayan ƙarfe, sai da kotu ta yanke hukunci a 1928 cewa aikin fasaha ne. Traian Vuia ya ɗaga jirginsa daga ƙasa a Montesson a 1906. Tristan Tzara (1896–1963) yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Dada a Zurik a 1916. Eugène Ionesco (1909–1994), uba ɗan Romaniya uwa Bafaransa, ya fito da La Cantatrice chauve a 1950, ya shiga majalisar harshen Faransanci a 1970. Emil Cioran (1911–1995) ya bar rubutu da harshensa, ya buga littafinsa na farko da Faransanci a 1949, kuma ya mutu ba shi da takardar zama ɗan kowace ƙasa. A wajen Faransa, Mircea Eliade ya koyar da tarihin addinai a Cikago, George Palade ya sami kyautar Nobel ta likitanci a 1974, Elie Wiesel ta zaman lafiya a 1986, Herta Müller ta adabi a 2009, Stefan Hell ta kimiyyar sinadarai a 2014. Roxana Maracineanu, haifaffiyar Bukares, ta ci gasar ninƙaya ta duniya da sunan Faransa a 1998, ta zama ministar wasanni a 2018.

Wannan jeri yana da ban sha'awa, amma yana ɓoye abubuwa. Ya haɗa mutanen da tarihi ya raba: Eliade da Cioran sun nuna goyon baya ga ƙungiyar ƴan kishin ƙasa masu ƙyamar Yahudawa a shekarun 1930, Wiesel kuwa Bayahude ne da ya tsira daga sansanin Auschwitz. Müller da Hell daga tsirarun Jamusawan Romaniya suka fito. Sannan ƙasar da ta karrama Ionesco ita ce ta rusa sansanonin Romawa a 2010 ta mai da su Romaniya da Bulgariya, alhali ƙasashen biyu sun shiga Tarayyar Turai tun 2007. Shaharar baƙo ɗaya ba ta kare talakan ƙasarsu daga kora ba.

Akwai wata igiya da ta ɗaure mu da wannan tarihi. A Yamai aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta kafa hukumar haɗin kan ƙasashe masu amfani da Faransanci ranar 20 ga Maris 1970. Romaniya ta zama cikakkiyar mamba a 1993, ta karɓi taron ƙoli a Bukares a 2006, Nijar kuwa ta sanar da ficewarta a Maris 2025. Matsalar da Cioran ya fuskanta, ta rubutu da harshen da ba a sha a nono ba, ita ce ta Boubou Hama da Abdoulaye Mamani, da bambanci guda: Cioran ya bar ƙasarsa kafin ya bar harshensa, su kuwa suna zaune a gida harshen ya zo ya same su.

9. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya amsa tambayar da muka fara da ita. Ana iya jera Romaniyawan waje domin akwai ƙasa mai iyaka da tuta da ke ƙirga su a matsayin nata, akwai kuma ƙasar masauki da ke rubuta wurin haihuwar kowa. A ƙasar Hausa kafin Turawa babu ɗaya daga cikin biyun. Baƙon da ya yi nasara yakan zama ɗan gari, nasarar tasa ita ke shafe baƙuncinsa, har jikansa ya zama shi ne ma'aunin Hausa ko na Kananci. Rashin lissafin alama ce ta ƙarfin tsarin zango da makaranta da aure wajen haɗiye mutane.

Wannan tsari yana da nasa duhu, kuma bai kamata mu yi masa kwalliya ba. Mafi yawan waɗanda suka shigo ƙasar Hausa a ƙarni na 19 ba da son ransu suka zo ba, bayi ne da aka zuba a rinji da gandu, kuma sunayensu ba su shiga littafi ba sai irin su Dorugu da suka haɗu da mai alƙalami. Matan da aure ya kawo daga wata ƙasa, waɗanda su suka koya wa ƴaƴa harshe, su ma tarihi bai riƙe sunayensu ba. Asalin bauta kuma yakan bi zuriya a wajen neman aure ko da an manta da shi a kasuwa.

Muna ba ɗalibanmu masu neman batun bincike shawarwari uku. Na ɗaya, a tattara tarihin baka na unguwar Zongo ta Yamai da Zangon Damagaram, gida-gida, tun dattawan da suka san asalin gidajen suna raye. Na biyu, a nemi iyalan da korar 1963 ta shafa, waɗanda suka tafi da waɗanda suka dawo, a haɗa bayanansu da takardun da ke gidan ajiyar tarihi na ƙasa. Na uku, a yi nazarin kalmomin baƙo da ɗan gari da ɗan ƙasa da asali a Hausa da Zabarmanci da Tamajak, a ga yadda ma'anarsu ta sauya daga 1900 zuwa yau. Bukatar wannan aiki ta ƙaru, domin dokar 2015 kan safarar baƙin haure da soke ta a 2023, da mutanen da Aljeriya ke saukewa a iyakar Assamaka, da ficewar Nijar daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma a Janairu 2025, duk sun sake buɗe tambayar wanda ke da ikon shiga da zama a wannan yanki. Masu yanke shawara kan waɗannan al'amura za su amfana idan muka ajiye musu tarihin yadda Agalawa da Toronkawa da Katsinawan Maraɗi suka zo suka zauna, da na abin da ya biyo bayan korar 1963 da ta 1969.